Kalmomi Huɗu a Bayan Tef Ɗin Awo

Zuwa ga ƙanwata Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da 'yan makarantarki. Ki yi haƙuri da rubutun nan da ya zama kamar tafiyar kaza, biro ne yake ta suɓuce min.

Wata uku ke nan ina gidan yarona, ɗan naki, kuma yatsuna uku na dama sun ƙi ni. Da safe nakan tashi in ji su kamar na aro. Allura ta fi ƙarfina, ni da na shekara talatin da biyar ina zura zare ko kallo ba na yi. Ga jiri in na miƙe.

Sau biyu yana kai ni asibiti. Ita likitar, Turanci kawai take ji, shi ne tafinta. Sai in zauna in zayyana mata komai, tun daga ranar da almakashi ya fara faɗuwa daga hannuna. Shi kuma ya juya ya yi mata kalma biyu ya rufe baki. Don yawan jinsu har na haddace: “tayad” da “ol”. Ta yi murmushi, ta rubuta maganin ƙarin jini, mu fito.

Jiya na wayi gari ya ɗauke keken ɗinkina ya kulle a sito, wai in huta, zai ba wata mai koyo. Ban mutu ba ake rabon gadona!

Ki gaya min ma'anar kalmomin nan biyu, kada ki saka musu suga. Sannan ki aiko min da nawa kalmomin, waɗanda zan faɗa wa likita da bakina. Ranar goma sha biyar ga wata za mu koma, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ki huta lafiya.
Yayarki, Tela.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta girmamawa. Wasiƙarki ta iso, na yi dariya, daga baya kuma na yi hawaye.

Tunda kin ce ban da suga: ta farko gajiya, ta biyu tsufa. Ya ce wa likita kin gaji kuma kin tsufa.

Ga naki. Na rubuta su yadda ake faɗa, don kada ki sha wahala. “Nom” shi ne in yatsu sun mutu ba kya jinsu. “Sitif” in sun ƙage sun ƙi lanƙwasuwa. “Wik” in ba ƙarfin riƙe abu. “Dizi” kuma jiri. Ki nuna wurin da hannu, ki faɗi kalmar, ki ɗaga yatsu uku don wata uku. Duk waɗannan baƙi ne, Yaya, suna zuwa suna tafiya, shi ya sa likita ke son a kira mata su. Tsufa kuwa ɗan gida ne, ba wanda ke rubuta masa magani.

Ki riƙa maimaitawa kullum, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ki bi yaron nan a hankali. Na san halinki tun muna yara, in kin hau ba kya jin kira. Ban taɓa saninsa da raini ba, wataƙila akwai dalili.

Allah Ya ƙara sauƙi.
Ƙanwarki.

*

Zuwa ga Inna Malama,

Ina gaishe ki da ladabi, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya.

Inna, don Allah ki daina aiko wa Umma da darasi. Gidan nan ya zama aji. Ta rubuta kalmomin a bayan tef ɗinta na awo, ta rataya shi a wuya, tana zagaya falo tana karantawa da ƙarfi. Matata ta tambaye ta ko za ta sha shayi, ta ce mata “dizi”. In na shigo sai ta ƙara murya.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Lokacin jinyar Baba ni ne tafinta. Duk abin da ya faɗa na juya shi daidai, ban rage ko ɗaya ba, kuma da hannu shi ma ya fara. Ranar da likita ya gama duba hotunan, ni aka sa na juyo na faɗa wa Umma da bakina cewa ba sauran abin da za a yi. Shekara shida ke nan, har yau ina jin muryata tana faɗa.

Ina tsoro, Inna. In likita ta ce tsufa ne, za mu dawo gida tare. In aka fara tone-tone ban san abin da za a sake sa ni in faɗa ba.

Ki yafe min in na yi rashin kunya.
Ɗanki.

*

Ɗana,

Na amsa gaisuwarka, kuma na ji tausayinka har raina. Amma darasi ba zan daina ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuma ka tsaya a bakin ƙofa ka hana mai gyara shiga. Rufe bakinta ba zai hana ciwon magana ba. Ranar goma sha biyar ka kai ta, ka zauna, ka riƙe mata jaka.

Allah Ya yi maka albarka.
Innarka.

*

Malama,

Gaisuwa a gurguje, don labari na cina.

Mun je. Muna zama ɗan naki ya gyara murya zai fara, na ɗora masa jakata a cinya na ce, “Riƙe wannan, shi ne aikinka yau.” Na zare tef daga wuyana. Likita ta zaci awo zan yi mata, har ta ja kujera baya.

Na miƙa mata yatsun nan na ce “nom”. Na ja tef inci biyu na ce “sitif”. Na kama birona na sake shi ya faɗi a kan teburinta, na ce “wik”. Na miƙe tsaye na dafa bango na ce “dizi”. Sannan na nuna ɗan naki, na ce “ol”, na girgiza kai har ɗankwalina ya goce.

Murmushin nan nata ya ɗauke. Ta taso ta zagayo, ta kama hannuna, karo na farko a zuwa uku. Ta ƙwanƙwasa wuyan hannun, na ji abu ya tsarga har ƙarshen yatsu. Ta auna jinina a zaune, ta sake aunawa a tsaye. Ta juya ta yi wa ɗan naki doguwar magana.

Sai ya sunkuyar da kai. Na ce, “Faɗa min duka. Na ji na ubanka ban faɗi ba, nawa ne zai kayar da ni?” Da na ambaci ubansa ya ɗago ya dube ni, a nan na gane abin da ke cinsa duk watannin nan, kuma raina ya yi sanyi. Amma ban janye ba.

Ya faɗa. Jijiya ce ta matse a wuyan hannu, gadon almakashi, za a yi ƙaramin aiki a sake ta. Jirin kuma maganin hawan jinina ne ya yi min yawa, ta rage shi. Ta ce da an ƙara wasu watanni a haka, da yatsun ba lalle su dawo ba. Wannan ma ya juya min shi daidai, yana hawaye.

A mota ya ce in yafe masa. Na ce sai na ga kekena.

Alhamis za a yi aikin. Ki sa ni a addu'a, don ba ni da kalmar tsoro a tef ɗina, kuma kada ki aiko min da ita.

Yayarki.

*

Malama,

Gaisuwa. Ki buɗe takardar nan a hankali, akwai allura a soke a gefenta.

Ni na zura mata zaren. Sau huɗu na gwada, ba zan yi miki ƙarya ba. Keke ya fito daga sito, ɗan naki ne ya goge shi ya zuba masa mai.

Ki aiko min da awonki.

Yayarki, Tela.