Saƙon Inna na Ƙarshe Yana Kulle a Wayarku

Zuwa ga Shugabannin kamfanin da ya ƙera wayata,
da Shugabannin kamfanin layin da nake amfani da shi.

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Ban rubuta sunayenku ba saboda maigidana ya roƙe ni kada in jawo masa magana, amma kun san kanku.

Sunana Rabi'atu. Ina aure a Keffi shekara huɗu ke nan. Maigidana malamin firamare ne a Gitata, yakan tafi Litinin ya dawo Juma'a. Ni ba mai zurfin boko ba ce, a sakandare na tsaya. Abin da na iya shi ne karatun littattafan soyayya, har ƙawayena suna cewa rabina a duniya nake, rabina a cikin littafi. Ba na musu. Tuwo ya sha kama mini saboda wani babi.

Wayar da nake magana a kanta cikin lefena ta zo, a akwati na uku, ƙarƙashin atamfofi, sabuwa a kwalinta. Ba ta taɓa faɗuwa a ruwa ba, fuskarta ba ta tsage ba, batirinta yana kai ni yamma. Ku riƙe wannan, domin a kansa ƙorafina ya tsaya.

Na farko, abin da wayar take a wurina.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, a Garaku take zaune. Ba ta yi karatun boko ba, idonta kuma ya yi rauni. Da na yi aure kewa ta dame ta, sai na ƙirƙiro mana wata hanya. Kullum bayan la'asar nakan zauna a bakin ƙofar ɗakina in karanta babi ɗaya da ƙarfi, in tura mata a saƙon murya ta manhajar hira. Ita kuma wuri ɗaya ta koyi dannawa a wayarta, sai ta mayar mini da amsa. Inna ba ta ɗauki mutanen littafi a matsayin ƙage ba. Takan ce in gaya wa wannan yarinyar ta daina kuka ta je ta kama sana'a. Akwai wani direban babbar mota a labarin da muke kai, wanda ya yi wa wata malamar asibiti alkawari ya tafi. Tun a babi na biyu Inna ta yanke hukunci cewa maƙaryaci ne, wai ta gane shi daga yadda yake gaisuwa. Tana faɗa tana dariya, kaji suna kuka a bayanta. Haka muka yi fiye da shekara uku.

Inna ta rasu bayan ƙaramar Sallar da ta wuce. Ana gobe za ta rasu ta turo mini saƙo, amsar babin da direban ya dawo. Ban buɗe ba a ranar, ina wanki. Washegari aka kira ni.

A nan na yi wautar da ba zan ɗora wa kowa ba. Na ga saƙon, minti biyu da sakan goma sha ɗaya, na kasa taɓa shi. Na ce a raina sai an yi sadakar arba'in, in dawo gida, in yi wanka, in zauna a inda na saba karanta mata, sannan in saurara. Haka 'yan matan littafi suke yi da wasiƙar ƙarshe, ni ma na ɗauka duniya za ta jira ni kamar yadda take jiransu.

Na biyu, abin da kuka yi, ku masu waya.

Ran da na dawo daga arba'in na danna manhajar, ta ƙi buɗewa. Ta rubuto cewa sai an sabunta ta. Na danna sabuntawa, aka ce wayata ba za ta ɗauka ba. Na hau keke zuwa Sabon Gari wurin Baban Rahila, mai gyaran waya, dattijo ne da ba ya ɓoye wa mutum gaskiya. Ya duba ya ce wayar lafiyarta ƙalau, ƙarfinta ya isa ta ɗauki sabon tsarin, ku ne kuka daina turo mata shi, manhajar kuma ba ta aiki sai da shi. Ya ce saƙonnin suna nan a ciki, amma a kulle, ba abin da zai buɗe su sai ita manhajar. Na tambaye shi, idan na sayi sabuwar waya fa? Ya ce kafin a kwashe su zuwa sabuwa, dole sai manhajar ta buɗe a tsohuwar. Ya tambaye ni ko na kunna ajiyar kwafi a intanet. Na kashe ta tun tuni, domin tana cinye mini datar da nake sauke littafi da ita. Wayar Inna kuwa ta faɗa hannun yayana a rabon gado, ya goge komai ya sa layinsa kafin wani ya yi tunani.

To ina tambayarku. Lokacin da maigidana ya sayi wayar nan, wa ya gaya masa tana da wa'adi? A kwalin an rubuta girman kyamara da ƙarfin batiri da manyan baƙaƙe. Ban ga inda aka rubuta cewa bayan 'yan shekaru za ku juya mata baya ba. Keken ɗinkin Inna ya girme ni, har yau yana ɗinki, kuma kamfanin da ya yi shi bai taɓa aiko wani ya cire masa allura don a sayi sabo ba.

Na uku, ku masu layi.

Tun bara sabis ya fara ja da baya a wayata, alhali maƙwabciyata mai sabuwar waya, layinmu ɗaya, katanga ɗaya ce tsakaninmu, tana kallon bidiyo ba tsayawa. Na je ofishinku sau biyu. Aka canja mini sim, ba abin da ya canja. A zuwa na biyu ma'aikaciyar ta juya wayar a hannunta, ta yi murmushi, ta ce ai wannan ta tsufa, ba ta cikin jerin wayoyin da kuka buɗe wa sabon sabis. Baban Rahila ya ce na'urar da ake buƙata tana cikinta, sunanta ne kawai ba ku sa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, saƙonku na tallar sabuwar waya bai taɓa ɓata hanya ba. Ya shigo ran sadakar uku. Ya shigo ran arba'in. Shi kam tsohuwar wayata tana ɗaukarsa sarai.

Na huɗu gajere ne. Masu manhajar sun sanar cewa duk asusun da ya daɗe ba a buɗe ba za a rufe shi. Ban san ranar ba. Kowace safiya ina kunna wayar, in ga alamar manhajar tana nan, in kashe. Na daina ba kowa ita ko don haska fitila. Littafin nan kuma ban ƙara buɗe shi ba, saura babi huɗu.

Ga abin da nake roƙo. Ku masu waya, ku turo wa irin wayata sabuntawa ko sau ɗaya, ko ku haɗa kai da masu manhaja a buɗe mana ƙofa ta kwana ɗaya mu kwashe abin da yake namu. Daga yau kuma ku rubuta wa'adin kowace waya a jikin kwalinta, da Hausa, yadda mai haɗa lefe zai gani kafin ya saya. Ku masu layi, ku buɗe wa kowace wayar da za ta iya ɗauka sabis ɗinku, ku bar mutum ya sayi sabuwa ran da tasa ta mutu da kanta.

Ban nemi kyautar waya ba, kada ku aiko mini. Ban san abin da Inna ta faɗa ba. Wataƙila direban take zagi, wataƙila ta yafe masa. Wataƙila ba maganar littafi ba ce sam, ni take yi wa magana. Minti biyu da sakan goma sha ɗaya nake nema a wurinku.

Allah Ya ƙara wa kasuwarku albarka, Ya sa ku ji tausayin na ƙasa da ku. Wanda uwarsa take raye a cikinku, Allah Ya ja da ranta, shi kuma ya buga mata waya yau ya ji muryarta.

Wassalam.

Rabi'atu,
Keffi, Jihar Nasarawa.