Romon da Baba Ya Sha da Hagu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya nauyin jiki? Allah ya sauke ki lafiya.

Bayan haka, kada ki kuskura ki hau mota da tsohon cikin nan. Abin da kika ji gaskiya ne, tun da aka sallamo Baba daga asibiti yake ƙin abinci. Hannunsa na dama har yanzu ba ya motsi, kuma da Inna ta kai cokali bakinsa sai ya juya ya fuskanci bango. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, sai dai a sa masa roba ta hanci. Ni kuwa na ce ba da ni a gidan ba. Gobe zan rufe gareji in shiga kicin. Yi dariyarki, wanda ya iya haɗa inji tukunya ba za ta gagare shi ba.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya. Albishirinki.

Kaza na samo mai ƙwari, na dafa ta da albasa da citta da tafarnuwa a kan wuta kaɗan-kaɗan, har nama ya saki ƙashi. Na tsame, na zare ƙasusuwan, na zuba karas da dankali, yanka ƙanana. Inna tana tsaye a kaina wai ruwa ya yi yawa. Da romon ya yi kauri sai ta yi gum.

Ƙamshi ya cika gida, ina ganin Baba yana haɗiyar yawu, amma ina ɗaga cokali ya kau da kai. A nan na gane ba rashin yunwa ba ne. Mutumin da ya ciyar da mu duka ba zai buɗe baki a ba shi kamar jinjiri ba, kuma yana kunyar a gan shi yana ci da hagu. Sai na ajiye kwanon ta hagunsa, na ce Inna ta zo ta taya ni neman murfin tukunya, na jawo masa ƙofa.

Muna tsaye a kicin muka fara jin ƙarar cokali. Inna ta toshe baki tana hawaye. Da na koma, rigarsa ta sha rabonta, sauran kuwa ya shanye tas. Ko kallona bai yi ba, ya ce gobe in ƙara karas.

Ki gaida yara. Zan tafi kasuwa kafin masu karas su tashi.

Naki,
Auta