Takalmin Taya a Filin Kiyawa

Zuwa ga Yaya Abdurrahim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Iya? Yaya damina? A gaishe min da Anti Safiyatu da yara.

Ni lafiya ƙalau nake a Alƙahira, karatun jinya yana tafiya. Sai dai ranar da ba aji ɗakin yakan yi min faɗi, sai in tafi wani filin wasa in zauna kallon mutane. Kada ka gaya wa Iya.

Na ji ƙungiyarku ta matasa za ta daɓe gefen filin ƙwallo da siminti saboda masu takalmin taya. Da gaske ne? Wane gefen, wajen 'yan langa? 'Yan ƙwallon sun yarda? Kuma yaya za ku yi da yashi? A nan kullum sai an share, don tsakuwa ɗaya tana kayar da mutum. A filin da nake zuwa, wata yarinya ta ara min takalmin tayarta, ta ce, "Kada ki kalli ƙasa." Na kalla, na sha ƙasa. Gwiwar ta kusa warkewa.

Roƙona ɗaya ne. Tunda kai ne shugaba, a ware wa 'yan mata lokaci, ko da safiyar Asabar ce. 'Yarka Zakiyya ta tambaye ni ko za a bar ta ta shiga, tana jin nauyin tambayarka. Na ce mata babanta zai duba. Kada ka ba ni kunya.

Allah ya ƙara zumunci.

Ƙanwarka,
Zaituna