Sai Ya Tsaya Inda Ya Kamata

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa daga Gazawa. Ya Abijan, ya aiki, ya Rabi da yara? Mu nan lafiya lau.

Hadizata ta zo daga jami'ar Yamai, an ba su hutun zaɓe. Jiya muna ɓarar gujiya ta ce wai jikin mutum ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace tana rabuwa biyu, da haka jariri ke girma. Cikin kowace akwai wani sinadari, kinaz, mai kula da rabon.

Na ce, "To in yana nan ai shi ke nan."

Ta ce, "A'a Inna, sai ya tsaya inda ya kamata. In ya kauce gefe, ɗaya ta kwashi da yawa, ɗaya ta tashi da kaɗan, ciwo ya biyo baya."

Na ajiye gujiyar ina ta tasbihi. Ikon Allah!

Yaya, gonar marigayi Baba tana jiran rabo, ƙannenmu Isa da Lawali har sun daina gaisawa. Kai ne babba. Muna da kai, amma kana gefe. Ka zo.

A sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Zulai