Ɗakin da Na Ƙi Kwana a Ciki

Zuwa ga Hansai, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan sabuwar randata, matata da na baro a Toranke. Gaisuwa mai tarin yawa, ke da Inna.

Mun wuce garin Abashe a hanyarmu ta zuwa Makka. Ƙafata ta faffashe, amma tana tafiya. Kin san abin da ya fi tafiyar wuya? Zaɓen makwanci. Tun la'asar madugunmu yake fara waige-waige: kada a yi nisa da rijiya, kada a shimfiɗa a busasshen rafi, don ruwan wani gari yana iya saukowa ba sallama. Ni kuwa duk inda aka sauka sai na share wurin na duba ramin cinnaka, yadda kika yi mini a gonarmu ranar da muka gama cirar gyaɗa, kina dariya wai ni ko a kan kunama aka kwantar da ni sai na yi minshari. Wayyo Hansai! Wa zai ba ni wannan dariyar yau?

Amma yanzu ba kunama nake tsoro ba. Jiya da yamma muka sauka a wani ƙauye, sai wani dattijo ya ji Hausata ya rungume ni. Malam Barau sunansa, mutumin Gaya. Shi ma da ƙafa ya fito zai je Makka, ya sauka nan da niyyar kwana ɗaya. Yau jikokinsa ne suke zuba masa ruwan alwala. Bai ga Ka'aba ba, bai koma Gaya ba. Ya nuna mini ɗaki da gadon kara da sabuwar tabarma, aka kawo tuwo da miyar kuka irin ta gida, ya ce in huta zuwa kaka, ga gona in ina so.

Ba zan ɓoye miki ba, jikina ya so ɗakin nan, har na sa ƙafa ɗaya ciki. Sai na tambaye shi wa ya baro a gida. Ya ce matarsa ce, sunanta Adama, bai ma san ko tana raye ba. Na yi godiya, na ɗauki buzuna na koma rumfar masallaci, inda sauro da tsakuwa ba sa barin mutum ya manta shi baƙo ne.

Na san 'yan'uwanki za su fara ce miki wanda ya yi gabas da ƙafa ba ya dawowa, ki je gaban alƙali a raba auren. Ba ƙarya suke yi duka ba, na gani da idona. Amma ina roƙonki, ya tauraruwar asubahina, kada ki je! Na ɗauki alkawari, Allah ne shaida: daga nan har Makka, daga Makka har Toranke, ba zan kwanta a inda tashi zai yi mini wuya ba. Barci mai daɗi na bar shi sai a ɗakinki.

Naki shi kaɗai, har ƙasa ta rufe idona,
Mijinki Maiwada