Muguwa Mai Mayafi

Daren Talata, Fagge

Kaina ciwo yake. Na gama wahalar zana muguwar matar nan ta littafin yara, yau Alhajin da ya ba ni aikin ya ce bai ga mugunta a jikinta ba. Wai na sa mata atamfa da mayafi, tana murmushi kamar mai zuwa barka. Na ce, "Alhaji, ai a labarin da murmushin take cutar mutane." Ya ce yara ba za su gane ba, in sa mata wando da ƙarin gashi, "irin na matan Sabon Gari."

A Sabon Garin fa muke! A shagon Madam Chioma mai buga mana littattafai, ga ta tsaye da wandonta da ƙarin gashinta, ta kawo masa ruwan sanyi. Matar da ta taya ni jinyar Inna a asibiti. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ta ajiye ruwan, ta ce da Hausarta tas, "Alhaji, in gyara tsayuwa ta zana ni?"

Ya yi dariyar yaƙe. Ni dai mayafin nan ba zan cire shi ba, ya riƙe aikinsa.