Mazarƙwaila a Aljihun Baba

Laraba, bayan isha'i

Sugan Baba ya sake hawa. Wata biyu ke nan ina dama masa kunu da garin ganyen sitibiya, wanda likita ya ce zaƙinsa ba ya tayar da suga.

Yau wajen wanki na tsinci mazarƙwaila a aljihunsa. Ashe Gwaggo, 'yar'uwarsa, ke aiko masa daga Gurbin Bore. Wai cewa take, "Wagga ai ba suga ba ce, ruwan rake ne."

Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba. Sai ya ce, "Ɗiyata, gwaggonki ita kaɗai ta rage mini."

Ga mazarƙwailar nan a gefen katifata. Na kasa zubarwa, na kasa mayar masa.